Dakta Yana Jiran Ƙarshen Zamani

Na karanta duk abin da kuka rubuto min. Wata ta ce butulci ne yake damuna, wai mace ta samu likita mai tsoron Allah, ba ya sha, ba ya bin mata, amma ta zo tana yi wa mutane kuka a waya. Wata kuma ta ce in gudu tun ƙafata tana iya ɗaukata. Duk na gode. Ku dai bari in faɗa muku abin da ya faru a makon nan, sannan ku yanke min hukunci.

Ga waɗanda yau suka fara haɗuwa da ni: malama ce ni a ajin ƙananan yara, irin waɗanda har yanzu sai an goge musu hanci. Mu biyu iyayenmu suka haifa, ni da ƙanwata Auta. Auta ta riga ni aure, ga ta da tsohon ciki. Ni kuwa na kai shekarun da a gidanmu aka daina faɗinsu da ƙarfi.

Shi kuma wanda yake nemana, Dakta nake ce masa, shi yana ce min Malama. Likitan mata ne a ɓangaren haihuwa na wani babban asibiti. A coci muka haɗu. Dogo ne siriri, da tabarau, ba ya ɗaga murya, hannunsa kullum ƙamshin sabulun asibiti yake yi. Ina sonsa, wannan kam ba zan ɓoye muku ba. Abin da gidanmu ba su sani ba shi ne, Dakta ya ce zai aure ni, amma ba zai haihu ba. Ba wai ba zai iya ba. Ba ya so ne. Ya yi imani da dukan zuciyarsa cewa ƙarshen zamani ya ƙarato, kuma kafin Ubangiji Yesu ya dawo za a yi wani tsanani da duniya ba ta taɓa ganin irinsa ba. Ya ce ba zai kawo yaro cikin wannan ba.

Ranar Lahadi bayan sujada Mama ta gayyace shi cin abinci. Tun Asabar take aiki. Ta sauke labulen falo ta wanke, ta fito da farantan nan masu bakin zinariya da ko mu 'ya'yanta ba mu taɓa cin abinci a ciki ba. Na sa doguwar riga ruwan toka, ta kalle ni sama da ƙasa.

“Makoki za ki?”

“Mama, ai shi ba ya kula da kaya.”

“Shi ba ya kula, ni ina kula. Je ki sa shuɗiyar nan mai aiki a wuya. Ki shafa wani abu a bakin nan naki, ya bushe kamar na mai zazzaɓi.”

Na je na canza. Da na fito na tarar Auta ta miƙe a doguwar kujera, ta ɗora ƙafafu kan ƙaramin tebur, mijinta yana yi mata fifita da murfin kwali. Ango muke ce masa har yau, sunan ya bi shi tun biki.

Dakta ya shigo ya durƙusa ya gaida su Baba. Bai gama zama ba idonsa ya sauka kan ƙafar Auta. Ya matsa ya danna yatsa a idon sawunta, wurin ya lotsa bai dawo ba.

“Auta, kina ciwon kai?”

“Kaɗan-kaɗan. Zafi ne kawai.”

“Yaushe rabonki da awo?”

Ta kalli Ango, Ango ya kalli silin.

“Ka kawo ta gobe a duba jininta,” in ji Dakta. “Ba jibi ba.”

Mama ta yi murmushi har kunne. Na san abin da take faɗa a ranta: ga amfanin suruki likita.

Ana cikin cin abinci Baba ya tono maganar. Baba dattijo ne a cocinmu, kuma yana son gardama kamar yadda wasu suke son shayi. Ya ji labarin abin da Dakta ya koyar a taron matasa, shi ne ya ajiye cokali.

“Likita, an ce ka tsorata mana yara. Wai duniya ta kusa tashi.”

“Ban sa rana ba, Baba. Ba wanda ya san ranar. Na dai ce su zauna a shirye.”

“Tun ina da gajeren wando ake cewa gobe ne. Wani mai wa'azi ya sa mahaifina ya ƙi gyara rufin ɗaki, wai me za a yi da rufi. Damina ta zo ta yi mana dukan tsiya, Ubangiji bai zo ba.”

Muka yi dariya, har da Dakta. Sai ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, abin da yake yi idan magana ta kai masa zuci.

“Gaskiyarku, Baba. Amma ku duba, mai ciki ma tun cikin yana ƙarami take jin ciwo nan da can, ta ɗauka lokaci ya yi, a mayar da ita gida. Wannan bai sa ranar ba za ta zo ba. Aikina ke nan, na san bambancin ciwon mara da naƙuda. Naƙuda tana matsowa kusa-kusa, tana ƙara ƙarfi, ba ta komawa baya. Yaƙi bai ƙare nan ba ya tashi can. Cutar da muke kashewa da ƙwaya a da, yanzu allura ma ba ta jin ta. Duk wannan da sauƙi. Abin da ya fi tsorata ni shi ne ƙauna ta yi sanyi. Ina ganin miji ya sauke matarsa a ƙofar asibiti tana zubar jini, ya ce zai je ya dawo, ba a sake ganinsa. An faɗa mana haka za a yi.”

Auta ta dafa cikinta. Baba ya buɗe baki zai amsa, Mama ta riga shi.

“To, ni dai roƙona, duniyar ta yi haƙuri a yi bikin nan tukuna. In ga jikokina sun cika falon nan suna fasa min faranti, sannan a busa ƙahon.”

Kowa ya yi dariya ban da ni da Dakta. Na sunkuyar da kai ina juya shinkafa a faranti, na ji idonsa a kaina.

Da na raka shi mota ban yi niyyar cewa komai ba, amma bakina ya ƙi.

“Ka ji Mama.”

“Na ji ta.”

“Dakta, kullum hannunka cikin karɓar haihuwa yake. Idan duniyar ta lalace haka, me ya sa kake hana kanka barci don ka ceto 'ya'yan mutane?”

“Wanda ya riga ya taho baƙon Allah ne, Malama. Dole in tarbe shi da duk ƙarfina. Amma ni da hannuna ba zan kira wani ya shigo gidan da na ga hayaƙi yana fita ta rufinsa ba.”

“In kuma ba a zamaninmu ba ne fa? In muka tsufa, muka waiga, ba kowa?”

“To na yi kuskure, zan amsa a gaban Ubangiji. Gara in amsa wannan da in ga ɗana yana neman ruwa ban da abin ba shi, ko a ce ya musanci Ubangijinsa kafin a sayar masa da abinci.”

Ba da faɗa ya faɗa ba. Da ma da faɗa ne, da na samu abin riƙewa in ji haushinsa. Ya shiga mota, ya sauke gilashi ya ce in gaida yarana na makaranta. Haka yake ce musu, yarana.

Da yamma saƙonsa ya shigo: “Na gode da abinci. Shuɗin nan ya yi miki kyau.” Ashe yana kula. Na rubuta, “Ina son ɗa ko guda ɗaya ne,” na goge. Na rubuta, “Ka yi addu'a a kai kuwa?” na goge. A ƙarshe na tura masa, “Allah ya huta gajiya.” Ku da kuke cewa in buɗe baki in yi magana, ga irin jarumtar tawa.

Ango bai kai Auta awo ba. Wai aiki ya riƙe shi, ita kuma ta ce ta ji sauƙi.

Ranar Laraba ina aji da hantsi, muna waƙar sassan jiki, wata 'yar ƙarama ta maƙale a ƙafata tana son in ɗaure mata igiyar takalmi, sai wayata ta yi ta ruri a jaka. Ba na ɗauka a aji, amma ta ƙi yin shiru. Mama ce. Ban taɓa jin muryarta haka ba.

“Auta ta faɗi tana jijjiga. Jini, jini ko'ina. Muna hanyar asibitin Likita.”

Ban san yadda na bar wa malamar ajin kusa yarana ba. Ban san yadda na isa ba. Na dai ga kaina a dogon barandan nan mai warin maganin wanke ƙasa, Mama a kan benci ɗankwalinta ya zame, takalminta kowace ƙafa daban. Ango ya haɗa kai da bango yana ta cewa, “Da na sani, da na kawo ta.” Baba yana tsaye ya rufe ido, leɓensa yana motsi.

Aka turo Auta a gadon tura marasa lafiya. Fuskarta ta kumbura har ban gane ta ba. Dakta yana gefen gadon cikin koren kayan tiyata, yana ba nas umarni da wata irin murya mai kaifi da ban san yana da ita ba. Ya wuce ta gabana kamar bai san ni ba. A bakin ƙofar tiyata ya tsaya, ya dafa goshin Auta, ya ce, “Ya Ubangiji, hannuna naka ne.” Ƙofa ta rufe.

Aka ce ana neman jini. Na Ango bai dace ba, nawa ya dace. Na kwanta aka ɗiba, ina kallon jakar tana cika, ina tuna yadda nake goya Auta in kai ta makaranta tana cizon kafaɗata. Nas ta ba ni lemo ta ce in zauna, na ƙi, na koma baranda jiri yana ɗibata.

Mun daɗe. Rana ta tashi daga tagar gabas ta koma ta yamma. Matan cocinmu suka fara zuwa, suka kewaye Mama suna waƙa ƙasa-ƙasa. Can wata nas ta fito da gudu riƙe da abu a cikin tawul, ba ta tsaya ba. Ba mu ji kuka ba. Mama ta miƙe ta bi ta da kallo, sannan ta koma ta zauna.

Da Dakta ya fito, gaban rigarsa ya jiƙe, hular kansa ta manne da gumi. Ya zo gaban Baba ya durƙusa kamar yadda ya saba, a nan tsakiyar baranda, mutane suna kallo.

“Baba, tana da rai. Yaron ma yana da rai, namiji ne, amma bai yi ƙwari ba, an sa shi a kwalba.”

Mata suka ɗaga hannu suna yabon Allah. Shi bai tashi ba.

“Jinin ya ƙi tsayawa. Na yi duk abin da na sani. Sai da na cire mahaifar. Ba za ta sake haihuwa ba. Ku gafarce ni.”

Baba ya kama kafaɗunsa ya ɗaga shi. “Ka ba ni 'yata da rai kana neman gafara? Tashi, ɗana.” Ango ya sulale ƙasa yana kuka kamar yaro. Mama kuwa ta ɗago kai. Ta juyo a hankali ta kalle ni. Na gane kallon.

Bayan an kai Auta ɗaki, na bi wata nas ta nuna min inda jariran suke. Ta gilashi na hango Dakta. Ya sa hannu ta ƙaramar kafar kwalbar, yaron da bai fi tafin hannunsa biyu ba ya riƙe masa ɗan yatsa. Dakta yana magana da shi, hawaye yana bin gefen hancinsa yana ɗiga a kan takunkumin fuskarsa. Jama'a, ban ɓoye muku ba, a wurin nan zuciyata ta yi tsalle. Na ce shi ke nan, Allah ya taɓa shi. Mutumin da yake kuka a kan ɗan wani, yaya zai ƙi nasa?

Na jira shi a ofishinsa. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, tebur da kujera biyu, da gadon duba marasa lafiya da labule kore, da kofin shayin da ya huce tun safe ba a sha ba. Ya shigo ya zauna, ya jingina kai da bango.

“An ce kin ba da jini. Kin ci wani abu?”

“Na gan ka da yaron.”

Ya lumshe ido.

“Na ga ya riƙe ka, Dakta. Na ga kana kuka.”

“Yaro ne mai faɗa. Zai rayu, in Allah ya yarda.”

“To?”

Ya buɗe ido ya dube ni, na ga ya gane abin da nake nufi, na kuma ga tausayina a fuskarsa. Wannan tausayin ya fi mari zafi.

“Malama, kin san abin da nake ce masa? Haƙuri nake ba shi. Ina ce masa, sannu da zuwa, ka yi haƙuri da abin da ka tarar.” Ya haɗa hannuwansa. “Yau ina cikin jinin ƙanwarki har gwiwar hannu, fuskarki nake gani. Muna da wuta, muna da jini, muna da magani, amma da ƙyar. Ranar da babu ko ɗaya fa? Ranar tana zuwa. Ba tsoron dawowar Ubangiji nake ba, ina ɗokinta fiye da komai. Ranar nan ba uwar da za ta sake mutuwa a hannuna. Amma abin da zai riga ta zuwa, ba zan sa ki a ciki da goyo ba.”

“Allahn da ya fitar da Auta yau, ranar nan zai yi tafiya ne?”

“A'a.”

“To bangaskiyar taka ta jiran ƙarshe ce kawai? Ba ta kai ta riƙon yaro ɗaya ba?”

Na ɗauka zai yi fushi. Sai ya ce, “Na yi wa kaina wannan tambayar da azumi, ba sau ɗaya ba. Wataƙila ke kika fi ni bangaskiya. Amma abin da na gani na gani, ba zan iya yi miki ƙarya ba.”

Ya cire tabarau, bai goge ba, ya riƙe shi kawai.

“Akwai abin da nake so ki sani kafin kawunnaina su zo gidanku. Na yi magana da wani abokin aikina. Akwai ƙaramin aiki da ake yi wa maza, a ɗaure hanyar haihuwa. Zan yi kafin aure.”

Na ji kamar an sake ɗibar jinina.

“Ba a kwancewa?”

“Da wuya. Shi ya sa. Na san ki, Malama. In ban yi ba, za ki shiga gidana da sa rai. Kowane wata za ki jira, ki yi addu'a Allah ya canza ni, ki tsufa kina jira. Ba zan ci amanarki haka ba. Gara ki ga ƙofar a rufe tun yanzu, ki zaɓa da idonki a buɗe. In kin ce a'a, ni zan je gaban Baba in ce laifina ne. Ba wanda zai zarge ki.”

“Ka gama yanke hukunci, sannan ka ce in zaɓa.”

“Ina sonki,” ya ce. Bai taɓa faɗa da baki ba sai ranar. Ku ji fa inda ya zaɓa ya faɗa.

Na tashi na fita ban rufe masa ƙofa ba.

A ɗakin da aka kwantar da Auta, ta farka amma ba ta san abin da aka cire mata ba tukuna. Leɓenta ya bushe, robar ƙarin ruwa a hannu, tana tambaya da wa yaron ya yi kama. Ango yana ce mata da ita ya yi kama, duk da bai gan shi da kyau ba. Baba yana kujera a gefe. Mama ta ja ni bakin taga, ta riƙe hannuna daidai inda aka sa auduga, ta yi ƙasa da murya.

“Kin ga abin da Allah ya yi. Auta ta gama nata, ɗaya ke nan, shi ma sai addu'a. Yanzu ke ce gidan nan. Ke za ki haifa wa yaron nan 'yan'uwa.” Ta share ido da bakin ɗankwali. “Kuma wane miji za ki samu kamar wannan? Mutumin da ya tsamo ƙanwarki daga bakin kabari? Na faɗa wa Babanku, ba sauran jira. A aika wa mutanensa su zo ranar Asabar a sa rana.”

Na kalli Auta. Na kalli Baba, ya gyaɗa min kai yana murmushin gajiya. Duk rayuwata ban taɓa ce wa matar nan a'a ba, ko a kan launin riga.

“Mama, kada a aika.”

“Me kika ce?”

“Na ce kada a aika tukuna.”

Ta saki hannuna. Ango ya daina magana. Baba ya gyara zama, ya kira ni da sunan da yake kirana tun ina jaririya, ya ce, “Uwata, me ya faru?”

Na buɗe baki, ban san ta inda zan fara ba. Ta yaya zan ce musu mutumin da suke yi wa kallon mala'ika yau shi ne zai rufe musu gida? Kuma a gaban Auta, wadda ba ta ma san nata ba?

Sai na ji motsi a bayana. Dakta ne a bakin ƙofa, ya canza zuwa farar rigarsa, da alama zagayen marasa lafiya ya kawo shi. Ban san tun yaushe yake tsaye ba. Ya dubi nas ɗin da ke bayansa ya ce ta ba mu wuri. Ya shigo, ya mayar da ƙofa ya rufe, ya zo gaban iyayena ya durƙusa.

“Baba, Mama, kada ku tambaye ta. Ni ne da amsar.”

Auta ta ɗago kai daga matashi da ƙyar, ta dube shi, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

“Wace amsa? Yaya, me kuke ɓoye min?”